Huda ta Biyar

Ranar da Baba ya rasu, unguwarmu a Jibiya ta yi shirun da ban taɓa jin irinsa ba tun da na yi wayo. Ba shirun mutuwa nake nufi ba, wannan kowane gida ya san shi. Shirun motoci nake nufi. Direbobi sun zo daga Katsina, sun zo daga Maraɗi, wasu daga Daddara da Kusa, amma babu wanda ya shigo layinmu da injinsa a kunne. Tun daga bakin titi suke kashe mota su tako da ƙafa, kuma ba wanda ya ce su yi hakan. Wani tsohon direba mai ciwon gwiwa, turo motarsa aka yi har ƙofar gida, yana ciki riƙe da sitiyari yana share hawaye da hannun riga. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce, "Shi ya ba ta muryar ga. Ba ta yin magana ran da ya yi shiru."

Na Allah muke, kuma wurinSa kowa zai tattara ya koma. Zazzaɓin kwana huɗu ne kawai. Da hantsi ya cika, bayan azahar muka kai shi.

Kowa da irin kukansa. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Farfaru, tana shigowa ta ce, "To, ya huta da ƙarar banza, mu ma mun huta." Tana rufe baki ta zube a tsakar gida, sai da mata uku suka ɗaga ta. Limamin unguwa, wanda ya shekara ashirin yana ƙorafin gwajin motocin Baba yana ruɗa masa karatun la'asar, ya zauna ya kasa haɗa addu'a sai da ya yi gyaran murya sau uku. Wani tsohon ma'aikacin duwan daga tsallaken iyaka, kwastan ɗin can ke nan, ya ce lokacin da yake bakin aiki, tun mota ba ta ɓullo ba yakan ce wa abokan aikinsa, "Wagga ta bi ta hannun tsohon Jibiya," kuma bai taɓa yin kuskure ba.

Ni kuwa, babban ɗa, ina zaune a kan tabarmar karɓar gaisuwa, kuma zan faɗi abin da nake yi ko da za a zage ni. Kallon hannuwa nake yi. Mai gaisuwa zai zo ya ba ni hannu ɗaya, ya ce ya haƙuri, Allah ya jiƙansa. Sai ya matsa gaba wurin mijin ƙanwata ya kama hannunsa da hannu bibbiyu, ya daɗe, ya ce, "Kai ka yi rashi, wallahi kai ka yi rashi." Ubana ne a kabari, ko awa uku bai yi ba, amma abin da ke cin zuciyata shi ne wa aka fi daɗewa ana riƙe wa hannu. Na ɗauki alƙalami ne don kada a manta da Baba. Sai na ga in na ɓoye wannan, wani mutum dabam zan rubuta, ba shi ba, ba kuma ni ba.

Baba makanike ne, amma ba don gyaran inji aka san shi ba. Masu gyaran inji sun cika gari. Shi abin da ya shahara da shi, ba mota murya.

A gefen injin kowace ƙaramar mota akwai wani baƙin akwatin roba da iska ke bi ta ciki kafin ta shiga inji. Filta ce a tsakiyarsa, ta raba shi biyu: ƙasa iska mai datti, sama iskar da aka tace. Masu ƙera mota sukan manna wa akwatin wata 'yar tukunya a gefe don ta shanye ƙara. Baba takunkumi yake ce mata. In aka kawo masa irin motocin nan masu ƙofa biyu, masu kwanciya a ƙasa, da ake shigowa da su daga Kwatano ta Maraɗi, sai ya fara cire takunkumin. Daga nan ya sa guntun bututun ƙarfe a garwashin mai shayin bakin garejinmu, in ya yi ja ya huda akwatin. Kullum ƙasan filta, bai taɓa huda sama ba, don kada ƙura ta shiga inji kai tsaye. Kullum kuma ta ɓangaren da ke kallon taya, inda iska ke da sanyi, ba ɓangaren zafin inji ba. Wata motar huda biyu take so, wata uku, wata huɗu. In aka dace, mota tana tsaye ba ka jin komai, amma da an taka totur sai ta yi wani gurnani mai kauri daga ƙirji, ta kuma ja da sauƙi kamar an sauke mata kaya.

Abin da ya fi nanatawa shi ne huda ba ta komawa. "Hudawa minti guda ce," in ji shi. "Sauraren da za ka yi kahin ka huda, shi ne aikin." Yakan yini a kan akwati ɗaya, mai mota yana safa da marwa yana duba agogo, shi ko a jikinsa.

Ba kowa yake yi wa ba. Wani ya taɓa zuwa da mota mai baƙin gilashi yana magana ƙasa-ƙasa, Baba ya dube shi ya ce, "Kai da ke son ka wuce ba a ji ka ba, mi za ka yi da murya? Tahi wurin masu toshewa." Wani malamin makaranta kuma daga Kusa ya zo da tsohuwar mota duk tsatsa, yana jin kunyar faɗin abin da yake so, don samari masu sababbin motoci suna zaune suna murmushi. Baba ya kori samarin daga kan benci, ya zaunar da malamin, ya sa aka kawo masa shayi, ya yini a kan motar nan. Huda ɗaya tak ya yi mata. Da ta tashi, samarin ne suka riƙa bin malamin suna tambayar me aka yi mata.

Duk shekara in hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya aika wa duk wanda ya taɓa yi wa aiki, har na tsallake, cewa su kawo motocinsu. Zai toshe hudar da ta fi kusa da ƙasa da guntun roba don kada ta sha ruwa a kududdufi, in kaka ta yi ya cire. Ba ya yarda a ce masa an gode a kan wannan, wai motocin 'ya'yansa ne, aro ya bayar. Shekarun da aka rufe iyaka, direbobi suka rasa abin yi, garejinmu ya koma zaurensu. Aiki babu, amma kullum da rana sai ya sa an dama fura a babbar ƙwarya, ya ce kowa ya matso, zaman banza ma yunwa yake sawa.

Da Inna kuwa faɗansu ɗaya ne, shekara arba'in ba su gama shi ba. Tana cewa ƙarar jar motarsa tana firgita mata kaji. Shi yana cewa ai ba don ƙarar ba da tuwo mai sanyi zai riƙa ci, don tun yana kwanar kasuwa take jin sa ta ɗora miya. Sai ta ce ita ba ta taɓa saurarensa ba. Amma tun da aka kai shi, in la'asar ta yi sanyi, nakan gan ta ta tsaya cak da ludayi a hannu, ta karkata kai wajen titi.

A wannan garejin na tashi. Tun ban kai tsawon taya ba nake miƙa masa sifana. Na ɗauka, kamar yadda kowa ya ɗauka, cewa wata rana ni zan riƙe ƙarfen hudar nan. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, furfura ta fara leƙowa a gemuna, Baba bai taɓa miƙo mini shi ba. Zan kwance akwati, in wanke, in mayar, in ɗaure. Huda kuwa sai shi.

Sai ga mijin ƙanwata. Direba ne daga Maraɗi, ya kawo mota gyara, ya ga ƙanwata ta kawo wa Baba abinci, shi ke nan motarsa ta riƙa lalacewa duk mako. Bayan aure ya bar tuƙin haya ya dawo Jibiya, ya shigo gareji. Da mugun mutum ne da na samu sauƙi. Amma mutum ne mai ladabi har ya ba ka haushi. Ba ya kiran ni sai da Yaya, ba ya wuce ni bai rusuna ba, in na yi masa tsawa sai ya ce in yi haƙuri. Sifana ma kile yake ce mata, man fetur isansi, Baba ya yi ta dariya yana kwaikwayonsa. Ni da na shekara talatin ina miƙa sifana, ban tuna ranar da na sa Baba dariya irin wannan ba.

Wajen shekara shida kafin rasuwarsa, kunnen Baba ya fara nauyi. Sai an ɗaga murya yake ji, daga baya ma sai ya kalli bakinka. In an yi masa maganar asibiti sai ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya ce, "Maganar mutane ce ba ni ji, kuma ban yi asara ba. Ta mota ina jin ta sarai." Muka yarda, don aikinsa bai canja ba, kullum ƙara kyau ma yake yi.

A lokacin ne ya fito da sabuwar al'ada, wadda ta zame mini ƙaya. Akwai wani kwalbati a kan hanyar zuwa iyaka, tafiyar minti goma a ƙafa daga gareji, wurin da ko inuwar kara babu. Duk lokacin da aka yi huda za a gwada mota, sai Baba ya ce, "Kai, tahi kwalbati ka tsaya." Kafin in tafi sai ya jawo ni, ya kama hulata ya daidaita ta a goshina, ya ce, "Gyara hula, kai ba ɗan tasha ba ne." A gaban masu mota, a gaban suruki, ni mai 'ya'ya huɗu. Daga nan surukin ya shiga mazaunin direba, Baba ya zauna kusa da shi. Ni in taka cikin rana in je in tsaya kamar mai jiran motar haya. Za su zo su wuce ni a guje, su juyo kafin shingen jami'ai, su sake wuce ni, ƙura ta rufe ni. In na dawo ina gumi sai in tarar da su suna shan shayi, Baba ya ɗago kai ya ce, "Mi ka ji?" In ce ta yi, ko in ce da saura. Ba ya ce mini sannu. Sai dai ya sake jawo hular, ya ce kullum tana ƙeya kamar ta ɗan dambe.

Abin da nake gani shi ne: ɗan wani yana cikin mota kafaɗa da kafaɗa da ubana, ana koya masa sirrin sana'ar gidanmu, ni an jefa ni bakin hanya ina shan ƙura. A tsaye a kwalbatin nan na ƙulla maganganu da yawa da zan gaya wa Baba. Ko ɗaya ban faɗa ba. Matata ce ke shan su da yamma, har ta gaji ta ce in ko na je na faɗa masa, ko in bar ta ta ji rediyo.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na daɗe ina kewaye-kewaye.

Shekara uku da suka wuce, wani Alhaji mai sayar da atamfa a Maraɗi ya kawo wata shuɗiyar mota, irin wadda ba mu taɓa gani ba a Jibiya. Ɗansa zai yi aure, yana so ita ce za ta ja ayarin motocin biki, a ji ta tun daga nesa. Mutane suka taru kallo. Baba ya zagaya ta, ya cire takunkumin, ya sa alama da alli a wuri huɗu. Ƙarfe ya yi ja a garwashi. Na matso, don a raina na ce ko yau ce ranar. Sai Baba ya ɗauko ƙarfen da tsumma, ya wuce ta gabana, ya miƙa wa surukinsa. Ya ce, "Bisimilla, huda." Surukin ya huda duka huɗun.

Ban san yadda na isa kwalbati ba ranar. Na dai tuna ya gyara mini hula kamar kullum, na kuma tuna na ji kamar in cire ta in jefar.

Motar ta taho. Ya jama'a, ban taɓa jin murya irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Ta faro can ƙasa, mai kauri, ta riƙa buɗewa tana hawa ba tare da ta fashe ba, har sai da na ji ta a haƙarƙarina. Wani mai amalanke da ke wucewa ya tsaya ya bi ta da kallo. Ko Baba bai taɓa fitar da irin wannan ba. Kuma hannun mutumin Maraɗi ne ya yi, a karon farko da ya riƙe ƙarfen.

Na dawo gareji. Surukin yana tsaye yana murza hannu, fuskarsa cike da fata. Baba ya ce, "Mi ka ji?"

Na ce, "Da saura."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Da saura?"

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "A shaƙe take. Tana son ƙari."

Babu sauran wuri a ɓangaren sanyi, duk wanda ya san aikin ya san haka. Huda ta biyar sai dai ta ɓangaren inji. Abin da nake so shi ne surukin ya yi ta, ta ɓaci a hannunsa, kowa ya gani. Ya kuwa miƙa hannu zai ɗauki ƙarfen. Sai Baba ya buge hannun, ya ɗauka da kansa. Ya tsaya da jan ƙarfe a kan akwatin, hayaƙi yana tashi, ya juyo ya dube ni karo na uku. Ya ce, "Ka tabbata?"

Kalma ɗaya ce ta rage mini. Na ga hannunsa yana ɗan rawa. Na ce, "Na tabbata."

Ya huda.

Da aka tayar da ita, muryar nan ta tafi. Sai wani kaushi kamar ana jan kwano a kan dutse. Tana shaƙar zafin inji, ta yi nauyi, ga robar ta tsage daga sabuwar hudar zuwa baki. Irin akwatin kuma babu shi a Jibiya, babu a Katsina, babu a Maraɗi, sai an aiko daga Kwatano, biki kuwa saura kwana uku. Alhajin ya tsaya a tsakiyar gareji, gaban jama'a, ya nuna Baba da yatsa ya ce, "Tsoho, kunnenka ya mutu, ka ƙi yarda! Ka bar ma yara aiki ka tahi gida ka kwanta!" Ko Baba ya ji kalmomin ko bai ji ba, ya dai ga yatsan. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kuskurena ne, Alhaji. Hannuna ya yi." Aka ɗaure wa motar wani akwati na wucin gadi, ta je biki shiru kamar kowace mota.

Washegari na zo gareji ina jiran hukunci. Na tarar ya rataye fasasshen akwatin a ƙusa, saman ƙofa, inda duk mai shiga sai ya bi ta ƙarƙashinsa. Bai ce mini komai ba. Da aka kawo wata mota, ya yi huda, ya jawo ni ya gyara mini hula ya ce, "Tahi kwalbati." Sai na ce a raina, ashe bai gane ba. Na ji sanyi, na kuma ji wani sabon haushi, wai ko laifina ma bai isa ya lura da shi ba. Ban ƙara yi masa ƙarya ba, amma ban kuma faɗa masa ba. Sau da yawa nakan zo da niyya, in gan su zaune da surukin suna dariya, sai in fasa. Haka na shekara uku ina bi ta ƙarƙashin akwatin nan safe da yamma.

Bayan addu'ar bakwai, da la'asar, muka buɗe gareji ni da surukin. Akwai wata farar mota ta wani ma'aikacin lafiya daga Daddara, Baba ya sa mata alli kafin ya kwanta, bai samu hudawa ba. Mai ita ya zo gaisuwa, bai yi maganar motar ba, amma mun san yana jira. Surukin ya sa ƙarfe a wuta, ya kawo mini. Na ce ya yi, ai shi aka koya wa. Ya yi huda uku a kan allin Baba, ya ɗaure akwatin, ya goge hannu. Sai ya ce a hankali, "Yaya, ko za ka tahi kwalbati?"

Abin da na shekara shida ina haɗiyewa ya taso. Na ce, "Wanda ke aike na kwalbati yana kabari. Kai ba ka isa ba. Shekara shida kana cikin mota kana kwasar sirri, ni ina shan ƙura. Ka shiga ka ji da kunnenka, ai kai ne ɗan gaban goshi."

Ya zauna a kan taya. Sannan ya ce, "Wane sirri, Yaya? Wallahi tun da munka fara, Baba bai taɓa tambayata mi na ji ba. Ko sau guda. Ya ce kunnena na katako ne, tuƙi kaɗai na iya. Direba nike, shi ke nan."

Na ce, "To shi ai yana ji."

Ya girgiza kai. "Baba ba ya jin komi. Ya daɗe ko hon ɗin babbar mota ba ya ji. Ya rantsar da ni kada in hwaɗa ma kowa. In munka zo kwalbati, ba hanya yake kallo ba, kai yake kallo. In murya ta yi daidai, hannunka na tashi ka ture hula ƙeya, ba ka san ma kana yi ba. Tun kana yaro haka kake, in ji shi. In ya ga hula ta koma baya sai ya bugi cinyata ya ce, ta yi, juya mu koma. Shi ya sa yake gyara maka ita kahin ka tahi."

Ya ci gaba da cewa, "Ni ke kishinka, Yaya. Ina zaune kusa da shi, amma wuyanshi na waje wurinka. Kullum sai ya ce mini, wancan da ka gani tsaye cikin rana, ya hi ni kunne tun ina da kunne. Na ce ya hwaɗa maka mana. Ya ce in ka sani za ka riƙa tunani, hular ta daina gaskiya. Ƙarhe kuwa, ya ce kowa na iya riƙe shi. Ranar da ya ba ni, don hannunshi ya fara rawa ne, kuma ba ya iya tura ni kwalbati."

Na ɗaga kai na dubi akwatin da ke saman ƙofa. Ya bi idona da kallo. Ban so in tambaya ba, amma bakina ya riga ni. Na ce, "Ranar shuɗiyar mota fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Hularka har ta kusa faɗuwa, Yaya. Baba ya yi ta bugun cinyata yana dariya, yana cewa yau mun gama aiki."

"Ya san ƙarya na yi."

"Ya sani."

"To don me ya huda?"

"Na tambaye shi. Ya ce a gaban mutane ka yi magana, ba ya ƙaryata ɗanshi gaban mutane. Ya ce ya tambaye ka sau ukku don ya ba ka hanya. Da ka ƙi, ya ga gara a ce kunnenshi ya mutu da a ce naka ya yi ƙarya, don nashi ya riga ya tahi, naka ne za a ci abinci da shi." Ya share fuska. "Na so in sauke akwatin ga, ya hana. Ya ce ran da ka zo da kanka ka hwaɗa mishi, shi zai sauke shi da hannunshi, ku sha shayi. Akwai ranakun da zai gan ka ka nufo mu, ya taɓa ni ya ce, ga shi nan, yau zai hwaɗa. Sai ka juya."

Dariyar da nake gani suna yi ke nan, in fasa.

Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa. Ya rufa wa ɗansa asiri da mutuncinsa, Ka rufa masa nasa. Ka yalwata masa makwanci, Ka mayar masa da jinsa, Ka sa abin da zai fara ji ya zama sallamar mala'ikun rahama. Ku da kuka karanta, in kun yi masa addu'a, ku haɗa da ni, don na fi shi bukata.

Akwatin yana nan a saman ƙofa. Surukin ya ce ko mu sauke, na ce a'a. Wanda ya rataye shi ne ya ce zai sauke.

Ranar dai na tashi na tafi kwalbati, ba wanda ya sake roƙona. Rana ta yi sanyi, amma wurin yana nan yadda yake, ba inuwa. Farar motar ta taho, surukin shi kaɗai a ciki, kujerar gefensa babu kowa. Ta faro daga ƙasa, ta buɗe, ta wuce ni. Na kai hannu kaina, na tarar da hular a ƙeya.

Da na dawo, surukin yana tsaye a ƙofar gareji. Ya ce, "Mi ka ji, Yaya?"

Na ce, "Ta yi. Hannunka ya yi kyau. Ranar shuɗiyar mota ma ya yi kyau."

Sai na tsaya a ƙarƙashin akwatin, na ɗan sunkuyar da kai kamar yadda na saba, ina jiran a jawo mini hula gaba. Har aka kira magariba tana ƙeya.